Kwana Biyu Babu Buhu, Babu Mudu

Tun da muka dawo daga 'yar tafiyar da muka yi a ƙarshen watan Oktoba, duk wanda ya tare mu a ƙofar masallaci ko a rumfa tambayarsa ɗaya ce: "Wai Liman, me kuka je saye?" In muka ce ba mu sayo komai ba, sai ya yi murmushi ya ce to Allah ya sa albarka, irin murmushin wanda ya tabbata ana ɓoye masa sabuwar kasuwa. Har wani yaro ya biyo mu gida yana roƙon mu faɗa masa ko riɗi ne ya yi araha a wajen Auna. Shi ya sa muka ga gara mu rubuta labarin a wannan mujalla tamu, kowa ya huta da zato. Mutum biyun da maganar ta fi shafa mun karanta musu kafin mu miƙa, sun kuma yarda, da sharaɗin kada a kama suna. To ba za mu kama ba, ko da yake a unguwa irin tamu ɓoye suna tamkar ɓoye raƙumi ne a bayan dangar kara.

Duk mun san asalin zamanmu a nan Ibeto. Iyayenmu da kakanninmu sun zo daga Katsina, da Kabi, da Zamfara, da Zazzau. Wani fatauci ya kawo shi, wani almajiranci, wani kuwa dare ne ya yi masa a kan hanyar Kontagora zuwa Yawuri ya nemi masauki, kwana ɗaya ya zama shekara arba'in. Sun tarar da Kambari a ƙasarsu suna noma, aka ba su wurin zama, suka kafa rumfuna da masallaci. Mu muka tashi muka gaji rumfar da mudun. Babu kasuwar da ba mu ci ba a ƙasar Magama: Salka, Nasko, Auna, da ƙananan da ke tsakaninsu. Amma ranar kasuwa kaɗai muka san garuruwan nan. Mu isa da hantsi, mu auna, mu ɗinke bakin buhu, mu loda, kafin la'asar mun kama hanya. Ka tambayi ɗayanmu ina ƙofar gidan mutumin da ya shekara ashirin yana sayar masa da dawa ta fuskanta, gabas ko yamma, ba zai iya faɗa ba.

Mu biyar ne muke zama a dakalin masallaci bayan isha'i tun muna da baƙin gemu: mu da ake sa wa jan salla in babban liman ba ya nan, da Ladan, da Tela, da wasu 'yan hatsi guda biyu, ɗaya Bakatsine ɗaya Bakabe. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Kabawa. Waɗannan biyun kuwa sun mai da shi abincin dare. Shekara talatin ba a yi zaman da ɗaya bai kira ɗaya bawansa ba, kuma shekara talatin ɗin nan jarinsu a haɗe yake. Har magana ta yi nisa tsakanin ɗan Bakatsine da 'yar Bakabe, an kai kuɗin gaisuwa, saura sa rana.

Sai masara ta shiga tsakani. A kakar 2024 suka haɗa kuɗi suka sayi buhu 200 suka zuba a sito, na Bakatsine 120, na Bakabe 80. Lissafinsu ba na wauta ba ne, don duk wanda ya ajiye hatsi a shekarar da aka cire tallafin mai, wato 2023, ya ga yadda farashi ya yi ta hawa har cikin damina. Amma da 2025 ta shigo sai abin ya juya, hatsi ya yi ta sauka, kuma babu ɗan kasuwar da ke karanta wannan da bai ji a jikinsa ba. Kafin azumi Bakabe ya ce a sayar a tsira da abin da ya samu. Bakatsine, wanda mabuɗin sito ke hannunsa, ya ce a jira damina. Damina ta zo, farashi ya ƙara faɗuwa, ƙwari suka ci nasu rabon, ga kuɗin haya da na magani. Da aka sayar, uwar kuɗi ma ba ta dawo ba.

Ba su yi faɗa ba, ba su ɗaga wa juna murya ba. Wasan ne kawai ya mutu. Suka koma "Alhaji, ina kwana", "Alhaji, lafiya lau", kamar baƙi biyu a tasha. Mu da muke juyowa mu fuskanci jama'a bayan sallama mun ga yadda ɗaya ya koma ƙarshen sahu ta dama, ɗaya ta hagu. Daga baya Bakabe ya fara yin isha'i a wani masallacin. Maganar sa rana ta kwanta, matan gidajen biyu suka daina aika wa juna tuwo. Sau biyu muka yi nasiha bayan asuba kan haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, dukansu suka gyaɗa kai, kowa yana ganin da ɗayan ake. Sau ɗaya muka tara su a zaurenmu, aka sha shayi aka tashi, babu wanda ya buɗe cikinsa.

Tela ne ya kawo shawarar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mutanen nan a cikin unguwa ba za su shirya ba, idanu sun yi yawa. Duk wanda ya fara saukowa za a ce shi ne mai laifi. Mu fitar da su." Muka ce mu fitar da su zuwa ina? Ya tuna mana da wani Bakambare manomi a wani ƙauye bayan Salka, wanda ya fi shekara ashirin yana kawo mana dawa da gyaɗa, kuma duk kaka sai ya ce yaushe za mu zo mu kwana gidansa, mu kuwa mu ce in sha Allahu. Aka tsara: Juma'a bayan an sauko mu tafi wurinsa mu kwana, Asabar mu wuce ta Auna zuwa bakin ruwa wurin wani masunci da Ladan ya yi karatun allo da shi, Lahadi mu dawo kafin magariba. Sharaɗi ɗaya: ba buhu, ba mudu, ba basilla, kuma duk wanda ya tambayi farashin wani abu zai sayi man mota lita biyu.

Ladan ya je wa Bakabe, mu muka je wa Bakatsine. Ba mu yi wa kowa ƙarya ba, an faɗa wa kowanne cewa ɗayan zai je. Bakabe ya ce, "Ni don girman Malam zan tahi, amma kada a sa ni kusa da shi." Bakatsine ya ce shi dama ba shi da matsala da kowa, wanda duk mun san abin da hakan ke nufi.

Uwargidanmu ta fi kowa ja. Ta ce, "Malam, mutane suna gudowa daga ƙauye ku kuna tafiya yawon shan iska?" Ba mu ga laifinta ba. Babu wanda ya manta da yaran Islamiyyar Tegina da aka kwashe a 2021, ko ɗaliban Birnin Yawuri a shekarar nan dai, kuma nan kusa da mu kowa yana da ɗan'uwa ko abokin ciniki da abin ya taɓa. Don haka ba mu fita da ka ba. Kwana uku muna tambaya: direbobin tasha, 'yan banga, da masu masaukinmu ta waya. Muka ɗaura wa kanmu doka cewa ba tafiyar dare, ba ratse, kuma in aka ce mana hanya ba kyau ko muna cikin mota za mu juyo. Da sharaɗin nan ta sake mu, ta kuma cika mana kwano da dambun nama.

Muka shiga tsohuwar Golf ɗin Tela wajen ƙarfe uku. An ba mu gaba don girmamawa, Ladan ya zauna a tsakiyar baya kamar katanga, Bakatsine yana kallon tagar dama, Bakabe ta hagu. Ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, ƙasa tana da sauran laima. Dawa ta fitar da kai ta fi tsayin mutum, ana cirar gyaɗa, mata suna zaune gindin kaɗanya da ɗorawa suna tsinka. Wannan hanya mun bi ta ba adadi, amma kullum idonmu na kan ramuka, zuciyarmu na kan lissafi. Ranar nan muka lura ashe akwai wani tafki a gefen hanya cike da bado, farare tas. Muka tambayi Tela yaushe aka yi shi, ya ce tun yana yaro yake nan.

Ladan ne ya tayar da maganar ƙasaru don ya kashe shirun da ya cika motar. Ya ce tunda matafiya ne mu, la'asar raka'a biyu ce. Muka ce a Risala nisan da ake yi wa ƙasaru mil 48 ne, sai a duba ko tafiyarmu har bakin ruwa ta kai. Aka ce Tela ya duba agogon motarsa, ya ce wannan agogon tun zamanin Obasanjo ya tsaya. Muka ce to tunda akwai shakka, a cika. Ladan ya ce shi dai ya ga alamar liman ne ba ya son a rage masa aiki. Mu uku muka yi dariya. Na bayan nan biyu kowa ya danne tasa.

Mun isa ƙauyen rana tana shirin faɗuwa. Mai masaukinmu ya fito da gudu ba ko takalmi, yana tafa hannu yana kiran 'yan'uwansa da Kambarci. Gida ne babba, ɗakuna zagaye, rumbuna a jere a tsakiya. An share mana ɗaki guda, an shimfiɗa sababbin tabarmi, an ajiye butoci biyu da ko lambar kasuwa ba a cire musu ba. Shi Musulmi ne, ƙanensa da ke gida ɗaya da shi Kirista ne, kuma ƙanen ne ya jawo ɗan akuya ya miƙa mana wuƙa ya ce, "Malam, kai za ka yanka, don kowa ya ci hankali kwance." Aka kawo dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, da kunu mai zafi, daga baya tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Mun ci tuwon dawa iyakar rayuwarmu, amma wanda aka ci a gindin rumbun da ta fito daban yake.

Bayan isha'i aka hura wuta a tsakar gida, aka fito da wani tsoho, wan mahaifin mai gidan, ido ya tafi amma kunne da hankali suna nan. Aka gabatar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da Hausarsa mai daɗi, "Yau Hausawa sun zo ba buhu? To ko dai duniya za ta tashi?" Aka yi dariya. Ya ce shekarunsa duka bai taɓa ganin ɗan kasuwa ya zo gidan nan don gaisuwa kawai ba, sai dai in bashi ya biyo. Muka ce, "Baba, mun yi laifi, a yafe mana." Ya ce ba laifi, baƙon da ya makara ya fi wanda bai zo ba.

Hira ta kai mu tarihi. Tela ya ba da labarin da aka saba bayarwa, cewa Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, da ya iso bakin kogi ya ce wa mutanensa su kwanta gora, wato su ajiye gorunan ruwansu an zo masauki, daga nan sunan Kontagora ya samo asali. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce haka ne, amma lokacin da wasu ke kwantar da gora wasu ɗaukar tasu suke yi. Ya ce kakansa ya ba shi labarin yadda suke kwana a daji da duwatsu saboda mahaya, kafin Turawa su ci Kontagora a 1901. Ya ce, "Gudu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun guje wa masu dawaki, jikokinmu suna guje wa masu babura." Babu ɗaci a muryarsa. Mu dai muka yi shiru, don wannan gefen labarin ba a cika ba da shi a zaurukanmu ba, kuma ya kamata a ce mun san shi tun da a kan ƙasarsu muke kwana.

Sai mai gidan ya sako wata cikin raha. Ya ce abin da ya fi yi masa daɗi shi ne ba mu zo da mudun nan namu mai ƙaton ciki ba. Aka sake yin dariya, amma tamu ba ta kai ciki ba. Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai mudun saye, akwai na sayarwa, kuma an san wanda aka bubbuga gindinsa ya zurma. Mu kanmu mun sha karanta Suratul Muɗaffifina a sallar asuba, mu fito mu buɗe rumfar da mudu biyu ke ciki, muna cewa ai haka kasuwa ta gada. Ashe sun sani. Shekara ashirin mutumin nan ya sani, bai fasa kawo mana kayansa ba, ga shi kuma ya yanka mana akuya. A daren nan barci bai zo mana da wuri ba. Muna jin Bakatsine ma yana ta juyi a tabarmarsa.

Da safe bayan mun karya aka zagaya da mu gona. Ƙanen mai gidan ya nuna mana wani rumbu da gobara ta ci shekara biyu da suka wuce, dawar su biyu ce a ciki, kuma yaron wan ne ya yi sanadi. Ladan, da gangan, ya tambaya to wa ya biya? Mutumin ya dube shi kamar bai gane tambayar ba, ya ce, "Wa zai biya wa? Tare muka ci yunwar." Ba mu kalli 'yan hatsinmu ba, su ma ba su kalli juna ba. Da za mu tafi aka cika mana bayan mota da gyaɗa da kabewa da kaji biyu. Bakatsine ya sa hannu a aljihu, mai gidan ya riƙe hannun ya ce in ya fito da kuɗi to kada ya sake zuwa.

Muka wuce ta Auna, muka yi azahar a can, muka sha fura a bakin masallaci, sannan muka gangara zuwa ƙauyen masunta. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin tafkin Kainji ba, gani ya kori ji. Ruwa ne iyakar ganinka, sai ka ce sama ce aka shimfiɗa a ƙasa. Abokin Ladan, Basarke ne da iyayensa suka gangaro daga Kabi, ya tarbe mu da kifi gasasshe, karfasa da tarwaɗa, ga warangi an baza a rana yana ƙyalli, ga hayaƙin banda ta ko'ina. Ya nuna mana wajen da ruwa ya yi duhu ya ce akwai garuruwa a ƙarƙashi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni. Ya ce har yanzu akwai tsofaffin da in sun shiga jirgi sukan nuna wani wuri a tsakiyar ruwa su ce nan ne gidanmu.

Da la'asar sakaliya ya ce sai ya zagaya da mu cikin kwalekwale mu ga yadda ake jefa birgi. Muka ce sai da rigar ruwa, don ba mu manta da jirgin da ya nutse a hanyar kasuwar Wara a watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa. Aka nemo guda biyar a maƙwabta. Wurin zama kuwa masuncin ne ya raba bisa nauyin jiki, bai san komai ba, ya haɗa Bakatsine da Bakabe a katako ɗaya. Babu mai iya musu, jirgi ba ya son gardama.

Mun ɗan yi nisa kaɗan sai iska ta taso, ba wata babba ba, amma ta isa ta sa jirgin rawa. Igiyar ruwa ɗaya ta bugi gefe ta watso mana. Bakatsine, wanda ruwan da ya sani bai wuce na buta ba, ya saki salati da ƙarfi ya cafke rigar Bakabe da hannu biyu. Muka ga Bakabe ya dube shi, ya dubi hannun, leɓensa yana rawa. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce, "Kai Bakatsine, sakam min riga! Ruwan da ɗiyan Kabi ka wasa ciki shi kaka tsoro? Bawa dai bawa ne, ko an kai shi Makka." Bakatsine, ido rufe, bai saki ba, ya ce, "Ai kai kifi ne, in mun kife gida ka koma. Ni ɗan tudu ne, ina da iyali." Dariyar da ta ɓarke a jirgin nan har masuncin ya daka mana tsawa mu zauna daidai kada mu kifar da shi da gaske. Ladan yana dariya yana share ido da hularsa. Wata bakwai rabon da mu ji kalmar bawa a bakin ɗayansu.

Amma dariya ba ta biyan bashi. Bayan isha'i, a kan yashi, Bakabe da kansa ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, a yi maganar ga ta ƙare." Tela ya haska fitilar waya, Bakatsine ya fito da ɗan littafin lissafi daga aljihu, ashe duk tafiyar nan yana tare da shi. Aka bi kuɗin saye, da haya, da magani, da dako, da abin da aka sayar. Muka faɗa musu abin da muka karanta a wurin malamanmu: a tarayyar kasuwanci riba da hasara suna bin gwargwadon jarin kowa, matuƙar babu ha'inci ko sakaci. Sannan muka tambayi Bakabe tambaya ɗaya: ranar da ya ce a sayar aka ƙi, ya nemi a ware masa buhunansa 80? Ya daɗe bai amsa ba. Ya ce bai nema ba, don shi ma a ransa yana fatan farashin ya tashi. In ya tashi a ci tare, in ya faɗi ya ce ai na faɗa.

Daga nan sauran ta fito. Kuɗin buhu 30 cikin nasa na mai ɗakinsa ne da matan da suke adashi tare, sun ba shi amana ya juya musu. Kunyar haɗa ido da su ce ta koma fushi, fushin ya sauka kan abokinsa. Bakatsine ya ce wallahi bai sani ba. Ya ce shi kuma abin da ya sa ya kafe, ribar yake hange don ya haɗa lefen da ba za a raina ba, tunda gidan amininsa za a kai. Wato kowannensu saboda ɗayan ya shiga ramin. Aka raba hasara kashi uku da kashi biyu yadda jari yake. Bakatsine ya ce kuɗin haya da na magani shi kaɗai zai ɗauka, tunda shi ya riƙe mabuɗi. Bakabe ya ce bai yarda ba, ba a yi bawan da zai ciyar da ubangidansa ba. Aka yi ta ja har muka raba musu: Bakatsine ya biya, amma kuɗin a ba matan adashi. Muka yi fatiha. Bayan nan babu wanda ya tashi, muka zauna muna jin ruwa yana bugun gaɓa, fitilun masunta suna yawo can nesa, har sanyi ya kore mu.

Lahadi ba mu yi komai ba, kuma wannan ma sabon abu ne gare mu. Bayan asuba muka koma muka kwanta har rana ta fito. Tela ya ɗinke wa masuncin rigarsa da ta yage. Ladan ya karɓi allunan yaran gidan ya biya musu. Bakabe ya yi ƙoƙarin jefa birgi don ya nuna jinin Kabi, ya nannaɗe kansa a ciki, Bakatsine ya samu abin faɗa na shekara guda. Shi kuma garin murna ya manta ya tambayi nawa ake sayar da kwandon banda, nan take aka ci shi tarar lita biyu. Bayan azahar muka kama hanya, muka shigo Ibeto rana tana sauran tsawon sanda. A dawowa Ladan ne ya zauna gefen taga.

Abin da tafiyar ta ci mana bai wuce kuɗin mai da goro da sabulu da gishirin da muka kai tsaraba ba, muka raba biyar. An sa ranar auren yaran nan bayan an gama girbin dawa, kuma mai masaukinmu na bayan Salka da ƙanensa suna cikin waɗanda aka fara kai wa goro. In kun ga Kambari biyu a sahun gaba wurin walima, baƙinmu ne, a ba su wuri mai kyau.

Saura maganar mudu. Mu dai tun da muka dawo mun ɗauke ɗaya daga rumfarmu, da wanda muke saye da shi muke sayarwa. Ribar ta ragu, ba za mu ɓoye ba. Mun kuma yi niyyar tayar da maganar a taron 'yan hatsi mai zuwa, mun san ba kowa zai ji daɗi ba, wasu ma za su ce Liman ya je ƙauye an ba shi akuya ya dawo yana wa'azi. To a faɗa. Wanda yake da hujjar mudu biyu ya zo da ita, za mu saurara.

Ba muna cewa kowa ya ɗauki mota ya shiga daji ba. Hali ake ciki, a tambaya kafin a fita, a yi tafiyar rana, in an ce a dakata a dakata. Amma kowannenmu yana da wani a Salka ko Nasko ko wani ƙauye da ya sha ce masa yaushe za ka zo, shi kuma yana cewa in sha Allahu. Zumunta a ƙafa take. In hanya ta yi kyau, a je masa ranar da ba ta kasuwa ba, a bar buhu a gida.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya mayar wa duk wanda ya yi hasara da mafi alheri, ya saka wa waɗanda suka karɓi iyayenmu suka ba su wurin zama. Ya sa albarka a auren yaran nan. Amin. Wassalamu alaikum.